BAƘIN CIKIN BINDIGA, BAƘIN CIKIN MAI ITA

Kaka ta yi. An ɗaure damman hatsi, an kai rumbu. Iskan ɗari ya fara busowa daga gabas. Wannan shi ne lokacin da mahalba ke sauko da bindigoginsu daga inda sunka rataye su tun faɗuwar ruwa. Daga Kalfu zuwa Barmu, daga Afala zuwa Takanamat, haka abin shike kowace shekara. Makiyayan wajen Tabalak da Kawo su ma akwai masu ita, saboda dila mai ɗaukar ƴan awaki da dare.

Amma wanda ya zagaya ƙauyukan Adar, ya zamna majalisar dattawa, shina iya lura da wani abu. Akwai mutumen da hannunshi na hagu ba cikakke ba ne. Yatsa biyu ko uku babu. In an tambaye shi, amsa guda ce: bindiga ta fashe. Sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarshi. Waɗansu kuma su ce jifa ce anka yi mashi.

Rai da ajali hannun Allah suke. Amma maƙera su ke ganin cikin bindigogin da sunka fashe. Abin da suke iskewa sau da yawa shi ne baƙi da tsatsa. Bindigar ta daɗe tana ciwo, mai ita bai sani ba. Maganin ciwon kuwa ba shi da tsada. Ruwan zafi ne da tsumma.

INA BAƘIN KE FITOWA?

Bindigar gargajiya, wadda ake ɗurawa ta baki, ana ce mata adaka ko halba-ka-ruga. Ta daɗe ƙasar Hausa. Fatake sunka riƙa kawo ta daga bakin teku, daga baya maƙeran gida sunka koyi yin ta. Cikin ƙarni na 19, zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, har igwa anka ƙera a Zinder, kuma ana haɗa albarushi nan cikin gari.

Abincin wannan bindiga baƙin albarushi ne, mai gawayi da farar wuta da wani irin gishiri. In ya kama wuta ba ya ƙonewa sarai. Fiye da rabin nauyinshi toka ce ke saura. Wata ta fita cikin farin hayaƙin nan da ake gani. Wata ta lafe jikin bututu daga ciki. Kowane halbi shina ƙara shafi ɗaya bisa na jiya.

Kowa ya san baƙin tukunya. Shi daga waje shike, ba ya hana tuwo dafuwa. Na bindiga daban ne. Shi ɗan'uwan tokar nan ce da mata ke tacewa don miya. Halinshi irin na gishiri ne: shina jawo laima daga iska. Wanda ya bar gishiri buɗe da damina ya san yadda shike jiƙewa da kanshi. Haka baƙin nan ke yi cikin duhun bututu. Da damina shi jiƙe, shi ci ƙarfe. Da ɗari shi bushe, shi daskare kamar ƙanzo.

ILLA HUƊU

Ta 1. Baƙi shina matse hanya. In an ɗura, dalma ba ta sauka har bisa albarushi. Sai ta tsaya tsakiya, a bar fili tsakaninsu. In an halba haka, ƙarfin wuta shi bugi bangon bututu wuri ɗaya. Bututu shi kumbura ko shi tsage. Wannan ita ce babbar illa.

Ta 2. Tsatsa tana gina ramu ƙarƙashin baƙi, kamar yadda gara ke cin azara. Daga waje bindiga tana ƙyalli. Daga ciki ƙarfe ya zama ɓawo.

Ta 3. Baƙi mai kauri shina ɓoye garwashi bayan halbi. Mahalbi shi yi gaggawar sake ɗuri. Albarushi shi kama wuta tun shina zubawa, hannu da fuska suna bakin bindiga.

Ta 4. Baƙi shina toshe kafar wuta, wato ɗan ramin da wuta ke bi ta kai ga albarushi. Kunama ta sara, bindiga ta yi shiru. Mai ita shi sauke ta don shi duba. Nan take ta tashi. Saboda haka in bindiga ta ƙi tashi, a bar bakinta wajen daji, a ƙidaya har 60 sannu sannu kafin a motsa ta.

BINDIGAR GADO

Ga misali, irin wanda ke aukuwa kowane gari.

Wani saurayi ya gaji bindiga wurin ubanshi. Da sallar layya ya ɗauko ta, ya buga sau shida ko bakwai da albarushi zalla, don murna. Ya mayar da ita ɗaki ya rataye. Ruwa ya faɗi, aikin gona ya ɗauke mashi hankali. Damina ta zo ta wuce, bindiga tana nan.

Da kaka zabin daji sunka riƙa sauka bayan gonarshi. Ya sauko da bindiga. Ya zuba albarushi, ya sa dalma, ya tura da sandar ɗuri. Sanda ta tsaya tsakiya. Ya danna, ta ƙi. Sai ya ɗauki dutse za shi buga mata. Kawunshi, tsohon mahalbi, shina zamne gindin icce shina kallo.

— Kai, ɗana! Aje dutsen nan.

— Kawu, ta ɗan cije ne. In na halba sau ɗaya za ta wanke kanta.

— Wa ya gaya maka? Yaushe rabonta da ruwa?

— Ruwa, Kawu? Ai an ce ruwa shina kashe bindiga.

— Juya bakinta wajen daji. Cire makunni. Tashi mu tafi maƙera.

Makunni shi ne ɗan abin nan da kunama ke sara, wuta ta tashi. Saurayin ya cire shi. Sunka tafi.

Maƙerin bai yarda a shigo da ita rumfar da wuta take ba. Ya kai ta bayan gida, inda babu kowa. Ya tsoma gindinta cikin bokitin ruwa, ya kuma zuba ruwa ta baki, don albarushin da ke ciki shi jiƙe shi mutu. Ya bar ta ta kwana haka. Da safe ya sa wata doguwar sanda mai murɗaɗɗen baki, ya jawo dalmar waje. Ya zazzage jiƙaƙƙen albarushi. Sannan ya fara wanki.

YADDA AKE WANKE ADAKA

Ga yadda maƙerin ya yi. Kowa shina iya yin haka gida. Kayan aiki kaɗan ne: ruwa lita 2 ko 3, ɗan guntun sabuni, tsofaffin tsummokin auduga, sanda doguwa wadda ta fi bututu tsawo, da mai kaɗan. Makiyayin da ke nesa da rijiya kada shi ce ruwa ya yi mashi wuya. Buta ɗaya ko biyu sun isa.

1. A zaɓi wuri. A yi aikin waje, da rana, nesa da murhu da garwashin shayi. Ba a shan taba wurin. A kori yara. A kai albarushi wani ɗaki.

2. A tabbata babu ɗuri ciki. Wannan shi ne kan aiki. A cire makunni. A juya bakin bindiga inda babu mutum ko dabba. A zura sanda har ta tsaya, fuska tana gefe, ba bisa baki ba. A sa alama jikin sanda daidai bakin bututu. A zare ta, a shimfiɗa ta jikin bututu daga waje, alama tana daidai baki. In kan sanda ya kai kafar wuta, babu kome ciki. In ya rage yatsa biyu ko uku, akwai ɗuri. Sai a kai ma maƙeri. Kada a ce za a halbe tsohon ɗuri don a huta.

Kada kowa shi ce ai na tuna ban ɗura ba. Mantuwa halin ɗan Adam ce. Cikin shekarar 1863 an yi wani babban yaƙi ƙasar Amurka, wani gari da ake kira Getisbag. Sojojin lokacin irin wannan bindiga ta ɗurin baki suke riƙewa. Bayan yaƙi an tsince bindigogi fiye da 27.000 cikin fili. Kimanin 24.000 ɗure suke. Wajen rabin waɗannan ɗuri biyu ke cikinsu, wani bisa wani. In soja ya manta, manomi ma shina mantawa. Albarushi kuwa ba ya tsufa in ya samu wuri busasshe. Ɗurin kaka shina iya kashe jika.

3. In bututu shina rabuwa da icce, a raba su. Ruwa shina kumbura icce shi tsage shi.

4. A toshe kafar wuta da tsinke ko ƙayar aduwa. A tsayar da bututu, baki sama. A cika shi da ruwa mai ɗumi wanda anka kaɗa ma sabuni kaɗan. A bar shi minti 20, kamar tsawon dafa shayin farko. A tuntsurar. Ruwan za shi fito baƙi ƙirin, da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Warin farar wuta ne, ba abin tsoro ba ne. A sake cikawa. In baƙi ya yi shekara, sai an yi haka sau huɗu ko biyar. Gaggawa ba ta da amfani nan. Ruwa ke aikin, ba ƙarfi ba.

5. A cire tsinke. A tsoma gindin bututu cikin bokiti mai ruwan ɗumi. A ɗaura tsumma kan sanda, ɗauri mai ƙarfi, don kada shi kwance shi zamna ciki. Tsumman shi cika bututu amma kada shi cije. A riƙa turawa ana jawowa, kamar zuga-zugin maƙeri. Ruwa za shi riƙa shiga da fita ta kafar wuta, shina wanke gindi, inda baƙi ya fi taruwa. In ruwan bokiti ya baƙanta, a sake wani.

6. In akwai ƙanzon da ya ƙi fita, a kankare shi sannu da jan ƙarfe ko tagulla. Waɗannan sun fi baƙin ƙarfe taushi, ba su ƙwarzane shi, ba su kuma tada tartsatsi. Maƙeri shina iya daɗe bakin guntun jan ƙarfe shi ɗaura shi kan sanda. Kafar wuta kuma a zura mata siririn wayar jan ƙarfe har ta buɗe.

7. Ɗauraya ta ƙarshe da ruwa mai zafi ƙwarai ake yin ta, babu sabuni. A riƙe bututu da tsumma don kada hannu shi ƙone. Zafin da ƙarfe ya ɗauka shi ke busar da shi. Nan da nan a bi da busassun tsummoki, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe shi fito fari. A jingine bututu cikin rana, baki ƙasa.

8. A duba lafiyar ƙarfe. Za a faɗi yadda ake yi nan gaba kaɗan.

9. A shafa mai, shafi marar kauri. Man keken ɗinki shina da kyau don tsare tsatsa. Wanda ba shi da shi, shi narka kitsen rago ko man shanu marar gishiri. Man gujiya shina yin danƙo in ya daɗe. Ranar da za a fita da bindiga, a goge man sarai da busasshen tsumma. Man inji in ya gamu da hayaƙin albarushi kwalta shike zama, wadda ta fi baƙin farko wuyar fita.

10. Kashegari a sake zura farin tsumma. Bayan kwana uku a sake. Tsohon ƙarfe shina fitar da dauɗar da ta ɓuya cikin ramunshi. In tsumma ya fito ja ko baƙi, a maimaita wanki.

Ruwa ba ya kashe bindiga. Ruwan da anka bari ciki shi ke kashe ta. Sojojin dā, masu bindigar albarushi, da ruwan zafi suke wanke tasu.

ABIN DA WANKI YA NUNA

A koma ga saurayin nan da kawunshi.

Da bututu ya fita tas, maƙerin ya jefa ɗan guntun takarda mai ƙyalli, irin ta kwalin shayi, har gindi. Ya haska rana ciki da madubi. Ya daɗe shina kallo. Ya bi bayan bututu da yatsunshi daga gindi har baki, shina neman kumburi. Ya rataye shi da igiya, ya ƙwanƙwasa, kamar yadda mace ke gwada tukunya kasuwa. Ƙarfe mai lafiya shina yin amo mai tsawo. Wannan amonshi gajere ne.

Sai ya toshe kafar wuta, ya cika bututu da ruwa mai tsabta, ya goge bayanshi ƙaƙas. Sunka zamna su uku suna kallo. Ba a jima ba, ɗigon ruwa ya tsattsafo jikin ƙarfe, taƙi biyu daga gindi. Daidai inda hannun hagu ke riƙewa. Maƙerin ya goge. Wani ɗigon ya sake fitowa.

Saurayin ya yi shiru. Can ya ce:

— Baba, da ba a wanke ta ba, ai da ba ta yoyo.

— Samari, baƙi idonka ya rufe, bai rufe rami ba. Abin da ya kasa tare ruwa, shi za shi tare wuta?

— To a liƙe wurin mana. Ta ubana ce.

— Ni ba ni liƙe ta. Wanda ya yarda ya liƙe maka, kuɗɗinka shike so.

Kawun ya dafa kafaɗarshi.

— Ɗana, ubanka bindiga guda ya bar maka, gona kuwa uku. Da wane hannu za ka nome su?

Saurayin bai amsa ba. Ya daɗe riƙe da iccen bindigar, inda hannun ubanshi ya goge shi har ya yi santsi. Daga ƙarshe ya miƙa ma maƙeri bututun. Anka sare shi gida uku gaban idonshi. Iccen kuwa ya tafi da shi gida, ya rataye inda bindigar take dā.

Bindigar da ta yi yoyo, ko ta kumbura, ko ramun tsatsa sunka yi zurfi cikinta, ta mutu. Ba ta da gyara. Yawancin adakar gida da bututun da ba don wuta anka yi shi ba ake ƙera ta. Ƙarfenta ba shi da kaurin da za a ce tsatsa ta ci ta rage. Sayar da irin wannan ga wani ha'inci ne. Wanda ya yi haka, ya sayar da yatsun ɗan'uwanshi.

BINDIGAR KATUSHI

Akwai kuma bindigar Turawa, wadda ake karyawa a sa mata katushi ta gindi, mai baki ɗaya ko biyu. Garin da ke cikin katushi ba baƙin albarushi ba ne. Wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya gano irinshi cikin shekarar 1884. Ba ya yin hayaƙi da yawa, kuma ya fi albarushi ƙarfi nesa.

Saboda haka ga gargaɗi babba: kada a fasa katushi a juye garinshi cikin adaka. Ko kaɗan ne, shina iya tarwatsa ta.

Dauɗar wannan bindiga daban ce. Baƙinta ba shi da yawa, amma shina da tauri, kuma shina gauraye da dalma da robar katushi. Ruwa ba ya narka shi. Ga yadda ake yi:

A karya bindiga, a cire katushi, a leƙa ta gindi wajen haske. A jiƙa tsumma da kananzir, a zura shi ta gindi har ciki shi jiƙe ko'ina. A aje ta kwance ta kwana, nesa da wuta. Da safe a goge da buroshin tagulla, daga gindi zuwa baki. A kula da mazamnin katushi, don in baƙi ya taru nan, ƙoƙon katushi shi ke cijewa shi ƙi fita bayan halbi. A bi da busassun tsummoki har su fito fari. In da saura, a sake jiƙawa a sake kwana. Sannan a shafa mai kaɗan.

Sabuni da kananzir da man keke duk ana samunsu kasuwar Tawa. Wanda za shi kasuwar Lahadi shi sa su cikin sautu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA BA A YI

Ba a sa bututu cikin wuta don a ƙone baƙi. In da sauran albarushi ciki, za shi tashi. Ko babu, wuta tana sake halin ƙarfe.

Ba a zuba rairai ko tsakuwa ciki a girgiza. Ba a sa magagari. Suna cin ƙarfe tare da baƙi.

Ba a zuba ruwan batir. Shina cin ƙarfe, shina makantar da ido.

Ba a wanki da esansi. Tururinshi shina kama wuta daga nesa.

Ba a hura bututu da baki.

Ba a zubar da ruwan wanki kusa da rijiya, ko inda yara da kaji ke yawo. A gina ɗan rami a rufe. Ruwan akwai dalma cikinshi, dalma kuwa dafi ce, balle ga ƙananan yara. Cikin shekarar 2010, a Zamfara ta Najeriya, ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. Bayan aiki a wanke hannu da sabuni kafin a taɓa abinci. Bokitin wanki kada shi koma wurin ruwan sha.

AJIYA

Wankin da anka faɗi sama na bindigar da anka yi ma sakaci ne. Wanda ke wanke tashi ran da ya halba, kafin shi kwanta, aikinshi ba ya wuce minti 15. Baƙin yini ɗaya taushi gare shi. Ko albarushi zalla anka buga, na salla ko na biki ko na naɗin sarauta, wanki ya wajaba. Bugun murna ma ya fi barin baƙi, don sau da yawa ake yin shi.

A aje bindiga babu ɗuri. A rataye ta sama, inda hannun yaro ba ya kai, baki ƙasa. Albarushi da makunni a wani wuri daban.

Zanzaro shina son ramin bindiga. Shikan gina ɗakinshi na laka ciki, ba mai gani. Amma kada a cusa tsumma cikin baki don a hana shi. Ana mantawa da shi, kuma toshiya ce. A sa ma bakin ƴar jakar ƙyalle daga waje, a ɗaure.

Da damina a fitar da bindiga daga kuben fata, don fata tana riƙe laima. Kowane wata a zura mata tsumma a duba.

Makiyayi mai tafiya da ita bisa raƙumi ko jaki shi kula da ƙura. Rairai in ya haɗu da mai, dutsen wāshi ke nan. Shi rage mai, shi naɗe ta cikin zane. In bakinta ya taɓa ƙasa, kada shi halba sai ya duba.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

A danne rauni da ƙyalle mai tsabta, dannewa mai ƙarfi. A ɗaga hannun sama da ƙirji. Kada a zuba albarushi, ko ƙasa, ko kashin dabba, ko toka. A nemi likita mafi kusa nan take, ko da dare ne. In rauni babba ne, su za su aika da mutum babbar asibitin Tawa. Guntun ƙarfen da ya shige nama ko ido, likita kaɗai ke cire shi. Rauni mai dauɗa shina kawo ciwon nan mai sandarar da jiki shi sarƙe haƙora, wanda likita ke kira tetanos. Akwai allurarshi. A roƙa a yi ta.

BINDIGA DA DOKA

Bindiga mai tsabta ba ta isa ba sai da takarda. Riƙon bindiga shina bukatar izinin hukuma. Farauta kuma tana da dokarta, mai lamba 98-07, ta ran 29 ga Afrilu 1998. Ita ta tsara takardar farauta, ta kuma jera namun dajin da anka hana taɓawa. Dattawa sun ga yadda dajin Adar ya koma bayan farin 1973 da na 1984. Abin da ya saura kaɗan ne, na jikoki ne. Mai son bayani shi tambayi ma'aikatan gandun daji, ko shi bi ta hannun mai gari. Wanda ke da bindigar da ba ta da takarda, ko matacciya wadda shike son rabuwa da ita, shi ma shi fara da mai gari. Tun shekarar 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida.

Kafin a fita daji bana, kowane mai bindiga shi ware yini ɗaya. Shi auna da sanda. Shi wanke, shi busar, shi cika ta da ruwa shi zamna shi duba. In ya yi shakka, shi kai ma maƙeri. Sarakunan mahalba su tara yaransu su nuna musu da hannu. Wanda ya iya karatu shi karanta wannan shafi ga wanda bai iya ba tukuna, majalisa ko bakin rijiya.

Zabo ana samun wani gobe. Hannun da ke riƙe bututu kuwa shi ke riƙe hauya da damina, shi ke jan wasaki da rani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.